Bin Sawun Ruwan Kwata: Daga Kano Zuwa Delhi da Haidarabad

Kawu bai yarda a saka ledar magungunansa cikin babban akwati ba. A hannu ya riƙe ta tun daga gida har filin jirgin saman Malam Aminu Kano, tare da carbinsa. A ciki akwai sifro, da amfikulos, da falajil, da wasu kafso ja da yalo waɗanda rubutun jikin takardarsu ya goge. Shekara huɗu ke nan yana fama da tsakuwar ƙoda, kuma duk sanda zazzaɓi ya taso sai a aiki yaro kemis, a ce maleriya ce da taifot, a haɗo masa na kwana uku. In ya ji dama-dama ya adana ragowar don gaba. Haka gidanmu yake, haka na maƙwabta.

Mu uku muka tafi Delhi don a yi masa tiyata, a farkon watan Nuwamba: shi, da babban ɗansa, da ni. Maganar biza da takardun asibiti ta ci makonni, amma ta wuce. Matan gida sun cika mana jaka guda da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yaji, da garin kunu, wai kada abincin baƙi ya hana mara lafiya ci. Jirgin Habasha ya sauke mu a Adis Ababa, muka yi sallah a can muka jira, sannan muka kwana a sararin sama muka wayi gari a Delhi.

Abin da ya fara tarar mu hazo ne. Na ɗauka irin namu ne na hunturu, amma namu ƙura ce daga hamada, wannan kuwa hayaƙi ne mai yaji a ido da maƙogwaro. A wannan lokaci na shekara manoman jihohin Punjab da Haryana ke ƙona karan shinkafa, hayaƙin ya haɗu da na motoci ya kwanta a kan birnin. Da muka fito titi sai ga adaidaita sahu birjik, kore da rawaya, suna kutsawa tsakanin motoci kamar a Kantin Kwari. Kawu ya daɗe yana kallonsu, ya ce, "Ashe nan ne mahaifarsu." Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya zai ji kamar ya san garin, har sai ya buɗe baki zai yi ciniki.

Mun kama ɗaki a wani gidan baƙi kusa da asibitin, a kudancin birnin, kan rufi 1,500 kowane dare, da ɗan kicin da muke raba shi da wasu masu jinya daga Sudan da Afganistan da Iraƙi. Mai gidan dattijo ne mabiyin addinin Sikh, da rawaninsa da gemunsa fari fat. Daren farko ya aiko mana da gurasarsu ta roti da miyar wake mai suna dal, bai karɓi ko sisi ba. Shi ne kuma ya ja hannuna zuwa bakin famfo ya nuna mini na'urar tace ruwa da ke manne a bango, ya yi mini alama da yatsa cewa kada mu sha na famfo kai tsaye. Daga baya na lura kusan kowane gida mai hali yana da irinta. Ruwan gora lita ɗaya rufi 20 ne a lokacin, kuma farashin a rubuce yake a jikin gorar, yadda yake a jikin kwalin magani da na biskit. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai. A gida sai ka shiga kemis uku a layi ɗaya a faɗa maka kuɗi uku.

Tiyata ta yi kyau. Kwana na uku bayanta ne jikin Kawu ya ɗau zafi, ya shiga rawar ɗari, fitsarinsa ya gurɓace. Aka mayar da shi ɗaki shi kaɗai, aka rataya riguna da safar hannu a bakin ƙofa, duk mai shiga sai ya saka. Bayan kwana biyu wata likita daga ɗakin gwaji ta zo da takarda ta zauna da mu. A gefe ɗaya sunayen magunguna ne a jere, a ɗaya gefen harafi ɗaya-ɗaya. Harafin R na nufin ƙwayar cutar ta bijire wa wannan magani, S kuwa na nufin har yanzu yana kashe ta. Na bi layin da yatsa: R, R, R, har kusan ƙasa. Biyu kawai na ga S. Sunan ƙwayar Klebsiella.

Zuciyata ta riga ta yanke hukunci cewa a asibitinsu ya kwaso ta. Likitar ta ciro wata takarda ta biyu, ta gwajin da aka yi masa ranar da aka kwantar da shi, tun kafin wuƙa ta taɓa shi. Ƙwayar tana cikin hanjinsa tun ranar. Daga Kano ya zo da ita, tana zaune lafiya ba ta dame shi ba, har ta samu hanyar shiga mafitsara. Ta nemi ganin magungunan da yake sha a gida, ɗansa ya zazzage ledar a kan gado. Ta ɗauki sifro ta juya shi a hannu, ta nuna mini rubutun ƙasan kwalin: a Indiya aka yi shi.

"Ɗana, me take cewa?" in ji Kawu.

"Kawu, cewa ta yi ƙwayar cutar ta saba da magungunan nan, sun daina yi mata komai."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Allah Ya sa na ƙasan su yi." Allurar da aka koma yi masa ta jijiya ce, ta kwana goma, kuma kuɗinta na yini guda ya fi kuɗin ɗakinmu na kwana uku.

A waɗannan kwanaki na zaman jiran tsammani ne likitar, in ta zo zagaye, take tsayawa ta amsa mini tambayoyi, ni kuma in koma ɗaki in karanta abin da ta nuna mini. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne inda magani yake zuwa bayan an sha shi. Jiki ba ya cinye shi duka. Kusan rabin sifron da mutum ya haɗiya yana fita cikin fitsari da ƙarfinsa, kuma bayan gida yana fita da ƙwayoyin hanji bila adadin, har da waɗanda suka tsira daga maganin. Duka biyun kwata suke bi. A cikin kwata maganin ya tsarma, bai kai ya kashe komai da komai ba, sai ya kashe raunana ya bar wa masu taurin kai fili. Kuma bakteriya suna da wata ɗabi'a da dabbobi ba su da ita: suna miƙa wa juna ƙananan zobba na gado, masu ɗauke da dabarar karya magani, ko da ba jinsi ɗaya suke ba. Ƙwayar da ba ta cutar da kowa tana iya ba mai kisa wannan dabara a cikin laka guda.

Ruwan asibiti ya fi kauri ta wannan fuska, domin can ake tara masu tsananin ciwo da magunguna mafi ƙarfi, har bututun wurin wanke hannu kan zama maɓoyar ƙwayoyin. Amma ta ja hankalina kan cewa in yawa ake magana, ruwan gidaje ya ninka na asibiti nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan maganin kashe ƙwayoyin cuta a gida ake shan sa. Ko matatar ruwan ƙazanta mai aiki sosai rage su take yi, ba ta ƙarar da su.

Sunan Delhi kansa ya shiga wannan tarihi. A farkon 2008 likitoci a Suwidin suka gano wata Klebsiella a fitsarin wani mutum da ya yi jinya a Delhi, mai ɗauke da sinadarin da ke karya kabapenem, rukunin magungunan da ake ajiyewa don ranar da sauran suka gaza. Aka raɗa wa sinadarin suna NDM-1, haruffan farko biyu daga sunan birnin na New Delhi, abin da ya ɓata wa hukumomin Indiya rai matuƙa. A 2010 ayarin Timothy Walsh na Jami'ar Cardiff suka sa aka ɗebo ruwa daga titunan birnin, aka buga sakamakon a 2011. Cikin samfur 171 na ruwan da ke kwance a lunguna da magudanai, 51 na ɗauke da NDM-1. Cikin samfur 50 na ruwan famfo, biyu na ɗauke da shi. Har a jikin ƙwayar kwalara an same shi. Wani abu da ya tsaya mini a rai shi ne, a gwajinsu ƙwayoyin sun fi saurin musayar gadon a zafin digiri 30. Wannan ai zafin kwatar Kano ne a yawancin watannin shekara.

Da zazzaɓin Kawu ya sauka, sai na ce gani ya kori ji. Na shiga jirgin ƙasa na cikin gari, mai tsabta da sanyi, kuɗinsa bai kai na gora uku ta ruwa ba, na sauka a tashar Kalindi Kunj a gefen kogin Yamuna. Wari ne ya fara yi mini iso. Kogin baƙi ne wuluk, kuma a samansa farar kumfa ce tuli-tuli kamar an zazzage buhunan auduga, iska na tura ta a hankali. Kumfar ta sabulun wanki ce da ƙazantar da ba a tace ba. Na dace da kwanakin bikin Chhath, wanda mutanen Bihar da gabashin Uttar Pradesh ke yi. Mata sanye da tufafi masu haske suna tsaye cikin ruwan har ƙugu, da faifan 'ya'yan itatuwa a hannu, suna fuskantar rana mai faɗuwa, kumfar na lasar hannayensu. Addininmu ba ɗaya ba ne, amma na ga tsoffi masu kama da iyayenmu, na ga yara suna wasa a gaɓa, sai tausayi ya kama ni.

Tsawon Yamuna ya haura kilomita 1,300, amma ɗan yankin da ya ratsa Delhi daga Wazirabad zuwa Okhla, kilomita 22 kacal, shi ke karɓar mafi yawan ƙazantar kogin. Washegari na ɗauki adaidaita zuwa arewacin birnin, kusa da gadar Signature, inda babban lambatun Najafgarh ke juye kayansa. A da can kogi ne mai suna Sahibi. Yanzu shi ke kwaso ruwan masai da na wanka da na asibitoci da na masana'antu daga unguwanni masu miliyoyin mutane. Ina tsaye a wurin ba abin da ke zuwa mini a ido sai rafin Jakara na Kano. A gaɓar Yamuna ma akwai 'yan lambu, da alayyafo da farin kabeji a jere, kore shar.

Ba zan bar Delhi ban faɗi alherinta ba. Mai gidanmu ya kai ni wurin ibadarsu na Bangla Sahib, inda ake ciyar da dubban mutane kyauta kowace rana, kowa ya zauna a ƙasa a layi, ba a tambayar addininka ko garinku. Ranar Juma'a na yi sallah a babban masallacin da Sarki Shah Jahan ya gina, wanda aka kammala a 1656, na fito na ci nihari, farfesun da ake kwana ana dafawa, a wani lungu da ya tuna mini da Kurmi. A unguwar Nizamuddin wani mai shayi ya ji na ce Najeriya, ya ƙi karɓar rufi 15 ɗinsa. Shayinsu da madara ake dafa shi tare, da citta da wani ƙamshi, a ɗan kofin da bai fi kurɓa huɗu ba. A kemis ɗinsu kuma na ga wani jan layi a bayan takardar wasu magunguna. Tun 2016 gwamnati ta fito da shi, don mai saye ya gane wannan ba a shan sa sai da takardar likita. Wani shagon ya nemi takarda kafin ya sayar, wani kuwa bai nema ba. Dabarar dai mai kyau ce, domin ko wanda bai iya karatu ba yana gane jan layi.

An sallami Kawu aka ce ya dawo dubawa bayan mako biyu. Ƙanin wani abokina, ɗan Zariya mai karatun haɗa magunguna a Haidarabad, ya matsa sai na je. Na bar Kawu da ɗansa na hau jirgin ƙasa mai suna Telangana Express, tafiyar da ta haura kilomita 1,600, yini da kwana cur. Mun bi ta Agra da Gwalior da Jhansi da Bhopal da Nagpur. A taragon kwana kowa da gadonsa, masu shayi na kai da kawo tun asuba. Wasu iyali da ke gabana suka buɗe kwanukan abincinsu, uwar ta miƙo mini nawa kason kafin ta ba 'ya'yanta. Na tuna jirgin Kano zuwa Legas na zamanin iyayenmu, da yadda suke ba da labarinsa.

"Yaya, sannu da hanya," in ji yaron da na sauka, ya karɓe jakata. A Tolichowki yake zaune, unguwar da ta cika da Somaliyawa da Sudaniyawa da Yamalawa, har za ka ji kamar a Sabon Gari kake saboda cakuɗuwar harsuna. Ya kai ni Charminar, hasumiyoyi huɗu da aka gina a 1591, muka yi sallah a Masallacin Makka da ke gefenta, muka ci biryani, shinkafa da nama da aka turara tare a tukunya rufaffiya. Faranti ɗaya na rufi 250 ya ishe mu mu biyu. Ban ci shinkafa mai daɗinta ba a duk tafiyar.

Amma abin da ya kawo ni yana bayan gari. Haidarabad na cikin manyan cibiyoyin haɗa magunguna na duniya, kuma a Patancheru, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar birnin, masana'antun suke jere. A 2007 Joakim Larsson na Jami'ar Gothenburg da abokan aikinsa suka auna ruwan da ke fita daga matatar da ke karɓar dagwalon masana'antu kusan 90 a wurin. Sun samu sifro har miligiram 31 a lita guda, wato fiye da abin da ake samu a jinin mara lafiyar da ke kan shan maganin. Sun ƙiyasta kusan kilo 45 ke fita kowace rana, ninki biyar na abin da ƙasar Suwidin gaba ɗaya ke sha a yini. Daga baya an shimfiɗa bututu ya kai ruwan matatar Amberpet, inda yake gauraya da ruwan masan birni kafin ya faɗa kogin Musi. Mun tsaya a kan wata gada muna kallon Musi, baƙi da kumfa kamar ɗan'uwansa na Delhi. A ƙasan birni da ruwansa ake noman ciyawar shanun madara da shinkafa da ganyaye.

Yaron ya ce, "Yaya, rahusar maganin da muke samu a gida, wani ɓangarenta mutanen bakin kogin nan ne ke biya." Na daɗe ina juya maganar. Ba na cikin masu zagin magungunan Indiya, domin ba don su ba da talakan ƙasarmu da yawa bai ga magani da idonsa ba. Amma mai saye da yawa, gwamnati ce ko babban dila, yana da bakin tambayar yadda masana'anta ke yi da ruwanta, kuma ya kamata ya tambaya.

A hanyar komawa Delhi na sake duba wasu alƙaluma da likitar ta nuna mini. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani. Na zaci Indiya ce za ta zo kan gaba. In aka auna da yawan jama'a, yankin da ya fi kowane asarar rai shi ne Afirka ta Yamma, da mutum 27 cikin kowane 100,000. Delhi da Haidarabad, duk da abin da na gani, suna da matatu, suna da masu auna ruwan su buga sakamako, har a kai ƙara kotu. Mu a yawancin unguwanninmu ruwan wanka kwata yake bi a buɗe, masai kuma rami ne ko sokawe, sau da yawa taku kaɗan tsakaninsa da rijiya. In ya cika a kira mota ta zuƙe, kuma ba kowa ke tambayar inda za ta juye ba.

Mun dawo Kano hunturu ya kankama. Kawu ya rame amma yana takawa da ƙafarsa, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Likitar ta rubuta mana abubuwa uku: kada ya ƙara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta sai an yi gwajin fitsari, a riƙa wanke hannu da sabulu bayan an fito bayi, kuma duk asibitin da zai kwanta nan gaba a nuna musu takardar nan mai haruffan R. Ta ce ƙwayar na iya zama a hanjinsa watanni.

Bayan kwana biyu na bi Jakara da ƙafa, daga inda ta fito cikin birni, ta wuce mayanka, ta nufi inda take haɗuwa da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, kafin su gangara madatsar Wasai. A gefen hanyar filin jirgi na tarar da wani mai lambu ya jefa tiyo cikin baƙin ruwan, injinsa na ruri, latas da kabeji da albasa sun yi kyau har sun gaji. Na yi masa sallama muka gaisa. Na tambaye shi ko ba ya tsoron ruwan.

"Malam, da rani wane ruwa gare mu in ba shi ba? Ga shi ko taki ba ya so."

Ƙafafunsa tsirara suke cikin laka, akwai wani miki a ɗan yatsansa da ya ɗaure da tsumma. Na tambaye shi me yake sa masa. Ya laluba aljihu ya ciro kafso ja da yalo, ya ce yana buɗewa ya barbaɗa garin a kai, ya haɗiye ɗaya in ya yi masa zogi. Na roƙe shi ya je a duba ƙafar a asibitin unguwa, na ba shi kuɗin kati da na mota. Ya karɓa ya yi godiya, ya ce sai ya gama ban ruwan yamma.

Da na koma gida na tarar da ledar Kawu a kan taga, inda ɗansa ya ajiye ta. Ƙanwata ta ɗauka za ta juye a kwata, na riƙe hannunta. Muka tsaya a tsakar gida da ledar a tsakaninmu muna shawarar inda za mu kai ta, ruwan wanke-wanke na bin ƙarƙashin ƙofa yana fita waje.